Da Wane Mudu Za A Auna?

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Dawanau ya san ba a gama ciniki sai an ga mudu. To, jama'a, haka ya kamata mu yi da zancen barin fetur da gawayi zuwa hasken rana.

A 2021, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Madalla. Sai dai mudun da aka saba nuna mana shi ne yawan megawat da farantan sola, kuma wannan mudu ba ya faɗin wa aka ba, wa aka hana.

Ku duba abin da ya biyo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mai hali ya jingine janareta, ya shimfiɗa sola a rufin gidansa, ya huta. Tela da mai niƙa da mai walda fa? In tela ya kashe injinsa don fetur ya gagare shi, lallai hayaƙi ya ragu, amma da tuwon 'ya'yansa aka biya. Wutar NEPA ma, kamar yadda har yau muke ce mata, aji-aji ce: an yi wa Band A alkawarin awa 20 a yini, Band E kuwa awa 4.

Mudun gaskiya yana madafa. A tambayi uwargida kashi nawa na kuɗin cefane ke tafiya a makamashi, kuma tukunyar gas ɗinta tana aiki ko ta koma murhu, hayaƙi na cin idonta, goyo na tari a bayanta. A tambayi mai faskare da mai gawayi sana'ar da aka tanadar musu, don ba a hana mutum sarar itace a bar shi hannu rabbana.

In kamfani ko kansila ya zo garinku da aikin sola, kada tafi ya riga tambaya. Ku ce a faɗa muku kuɗin wata a gaban mai gari, a rubuta. Ku ji wa zai canza batir in ya mutu, da kuɗin wa, kuma ko ɗakin haihuwa yana layin farko.