Kaska Ta Riga Akuya Zuwa Duniya

Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku zai ga masu saye suna duba kunnen akuya da ƙarƙashin wutsiyarta. Kaska su ke nema, don dabbar da kaska ta kama ba ta yin ƙiba. A darasin yau za mu ga cewa wannan 'yar halitta ta daɗe tana wahalar da manya, tun kafin a yi akuya ko saniya.

A zamanin da can an yi waɗansu dabbobi da Turawa ke kira dainaso. Ma'anar sunan ita ce ƙadangare mai ban tsoro, amma masana sun ce sun fi kusa da tsuntsu da kada. Waɗansunsu ba su fi zakara girma ba, waɗansu kuwa sun ninka giwa sau da yawa. Ba wanda ya taɓa ganinsu da rai. Ƙasusuwansu da suka zama dutse a ke tonowa.

Kada ku zaci sai a ƙasashen Turawa a ke samunsu. A ƙasar Nijar, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, akwai wani wuri ana ce da shi Gadufawa. Wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya fara tono a can a 1965. Ɗaya daga cikin dabbobin wurin an sa mata suna Nigersaurus a 1999. Tsawonta ya kai ƙafa 30, haƙoranta sun kai 500, ciyayi kuwa ta ke ci. Masana sun ƙiyasta ta rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce. A lokacin nan wurin ba hamada ba ne, koguna ne da fadamu. Mu kuwa mun san irin ƙwarin da fadama ke tarawa.

To, yaya aka san ƙwari da cuta sun dami waɗannan dabbobi? Shaidu uku ne, daga ƙasashe dabam dabam.

Ta fari, ƙaro. Kun san yadda ƙaro ke tsiyaya daga jikin itace, ya kama tururuwa ta kasa fita. In ƙasa ta binne irin wannan ƙaro ya daɗe ƙwarai, sai ya taurare, abin da ke ciki kuwa ba ya ruɓewa. A 2017 masana suka ba da labarin wani ƙaro daga ƙasar Bama mai shekara miliyan 99. A cikinsa ga kaska ta riƙe gashi irin na tsuntsu, na wani ɗan dainaso mai gashi. A wani ƙaron kuma suka ga wata kaskar ta sha jini ta kumbura, har ta ninka girmanta wajen sau takwas.

Ta biyu, kashi. Shi ma ya kan bushe ya zama dutse. A Bernissart ta ƙasar Beljiyam, masu haƙar kwal sun tono ƙasusuwan dainaso a 1878. A 2006 aka bayyana cewa an duba busasshen kashin da aka samu a wurin da madubi mai ƙara girman abu, aka ga ƙwayayen tsutsar ciki. Amma ba dukan ƙwari ne ke cutarwa ba. A jihar Montana ta Amurka an sami kashin dainaso da ramuka a cikinsa irin waɗanda buzuzu ke yi. Watau tun a lokacin akwai ƙwarin da ke binne taki, kamar yadda buzuzu ke yi mana a gona.

Ta uku, ƙasusuwan kansu. A 1989 aka tono ƙashin ƙafar wani dainaso mai ƙaho a Alberta ta ƙasar Kanada. Ƙashin ya kumbura, aka zaci karaya ce ta warke a karkace. A 2020 likitoci suka ɗauki hotonsa, suka yanka suka duba, sai suka tarar sankara ce, irin wadda ke kama ƙashin mutum.

Ko cuta ce ta ƙarar da su? Waɗansu masana sun ce ta raunana su. Amma yawanci sun yarda wani babban dutse ne ya faɗo daga sama a gaɓar ƙasar Meziko, shekara miliyan 66 da suka wuce. Ƙura ta rufe rana, tsire-tsire suka mutu, manyan dabbobin suka rasa abinci. Ƙananan danginsu masu fiffike ne suka tsira, su ne tsuntsaye, har da kajin gidajenmu. Kaska da tsutsar ciki su ma suka tsira, suka koma kan waɗanda suka rage.

Kun ga, girman jiki ba ya tsare kowa daga cuta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Dainaso ba shi da hannun cire kaska, ba shi da sanin inda tsutsa ke fitowa. Mu kuwa Allah ya ba mu hankali. Kaska tana sa wa dabba cuta a jini, har mutum ma ta kan sa wa, don haka kada mu murtsuke ta da yatsa. In ta yi yawa a garke, a nemi malamin dabbobi. Mu riƙa share akurki da turke. Ƙwan tsutsar ciki a bayan gida ya ke fita, saboda haka kowane gida ya yi masai mai murfi, mu kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Gadufawa ta ke?
2. Me aka gani cikin ƙaron ƙasar Bama?
3. Wane amfani buzuzu ke yi wa manomi?
4. Rubuta abu uku da za ka yi don tsare gidanka daga kaska da tsutsar ciki.