SA IDO A KAN BANKUNA: YADDA AKE TSARE AJIYAR JAMA'A

Yawancin kuɗin da banki yake juyawa ba nasa ba ne. Ajiyar jama'a ce, ta manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci da mai fansho. Banki ba ya kulle kuɗin nan a akwati. Yakan ba da rancensa ga waɗansu, bisa la'akari da cewa masu ajiya ba za su zo neman kuɗinsu duka rana ɗaya ba. Idan rancen ya ƙi dawowa, mai ajiya ne ke kwana a ciki. Wannan shi ya sa doka ta ɗora wa hukuma alhakin sa ido a kan bankuna.

Hukumomin da ke aikin

Dokar banki ta farko a ƙasar nan an yi ta ne a 1952, a zamanin da bankunan 'yan ƙasa da yawa suka yi ta rushewa da kuɗin mutane. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959. Shi ke ba banki lasisi, shi kuma ke janye shi. A 1988 aka kafa Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya, wadda aka fi sani da NDIC, domin biyan masu ajiya in banki ya durƙushe. Hukumomin biyu suna nazarin rahoton da bankuna ke aikowa a kai a kai, suna kuma tura masu bincike su duba littattafan banki da idonsu.

Abubuwan da ake fara dubawa

Na ɗaya, jari, watau kuɗin masu banki na kansu. Shi ne garkuwa, domin in hasara ta zo shi za ta fara ci kafin ta taɓa ajiyar kowa. Ana bukatar jarin banki ya kai kashi 10 cikin ɗari na rancen da ya bayar da sauran kadarorinsa, gwargwadon haɗarin kowanne; banki mai lasisin aiki a ƙasashen waje kuwa kashi 15.

Na biyu, kuɗin hannu. Wajibi ne bankin kasuwanci ya riƙe kashi 30 cikin ɗari na ajiyar da ke wuyansa a tsabar kuɗi ko takardun da za a iya sayarwa nan da nan.

Na uku, lafiyar rance. Ana so bashin da ya maƙale kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na dukan rance. Haka kuma doka ta hana ba mutum ɗaya ko kamfani ɗaya rancen da ya zarce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin masu hannun jari.

Na huɗu, shugabanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daraktan da ya ranta wa kansa ko ɗan'uwansa kuɗin banki ba tare da jingina ba, ya fi ɓarawon dare yi wa banki lahani.

Darasin shekarun baya

Waɗannan ma'aunai daga wahala aka koye su. A watan Janairu na 1998 an janye lasisin bankuna 26 rana ɗaya, mutane da yawa kuwa suka daɗe suna jiran kuɗinsu. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, watau biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25.

Amma jari kaɗai bai wadatar ba. Waɗansu bankunan suka zuba kuɗi a rancen sayen hannun jari da na cinikin man fetur, kasuwa ta faɗi, bashi ya maƙale. A 2009 Gwamna Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agusta, da waɗansu uku a Oktoba, aka kuma zuba naira biliyan 620 don tallafar bankunan da suka raunana. A 2010 aka kafa kamfanin AMCON ya saye munanan basussukan. Abin da aka gane shi ne, banki yakan ruɓe ne daga ciki tun kafin a ga alama a waje.

Sababbin haɗurra

Har wa yau bashi shi ne babban haɗari, amma zamani ya zo da waɗansu.

Akwai saurin guduwar ajiya. A dā sai mutane sun yi layi a ƙofar banki. Yanzu da wayar hannu ake kwashe kuɗi. A Amurka, cikin Maris 2023, masu ajiya sun nemi fitar da dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley a yini guda, washegari hukuma ta rufe shi. Jita-jita ɗaya tana iya girgiza banki kafin mai bincike ya iso.

Akwai canjin kuɗi. Bayan da aka saki farashin naira a Yuni 2023 darajarta ta faɗi ƙwarai. Wanda ya ci bashin dala alhali cinikinsa na naira ne, nauyinsa ya ninka. Jarin bankuna ma, in aka auna da dala, ya ragu. Wannan na cikin dalilan da suka sa a Maris 2024 Babban Banki ya sa sabon mafi ƙarancin jari: naira biliyan 500 ga mai lasisin ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na yanki, aka sa 31 ga Maris, 2026 ya zama ƙarshen wa'adi.

Akwai kuma damfara ta intanet, da kutse cikin na'urorin banki, da masu neman halatta kuɗin haram ta asusun wasu. Saboda su ne ake matsa wa kowane banki ya san abokin hulɗarsa, aka kuma fito da lambar BVN a 2014.

Idan banki ya durƙushe

A 2024 NDIC ta ɗaga inshorar mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a ƙaramin banki kuwa daga 200,000 zuwa miliyan 2. Ran 3 ga Yuni na shekarar aka janye lasisin bankin Heritage, hukumar ta yi amfani da BVN ta biya masu ajiya ta asusunsu na waɗansu bankuna. Wanda ajiyarsa ta wuce iyakar inshora, sauran kuɗinsa yakan jira har a sayar da kadarorin bankin, a kuma karɓo basussukansa.

Nauyin da ke kan mai ajiya

Kariyar nan ba ta shafi wurin da ba shi da lasisi ba. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM a 2016 don kwaɗayin riba ta kashi 30 a wata ba su sami inshorar da za ta biya su ba. Saboda haka mai ajiya ya tabbata wurin da zai kai kuɗinsa yana da lasisin Babban Banki. Ya haɗa asusunsa da BVN, sunansa kuma ya zama iri ɗaya a dukan takardunsa. Kada ya ba kowa lambar sirrinsa, ko da mai bugo waya ya ce daga banki yake. In yana da ƙorafi ya fara kai wa bankinsa a rubuce; in ba a share masa hawaye ba, ya kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Wanda ya ci bashin banki kuwa ya biya a kan lokaci, domin kuɗin da ke hannunsa ajiyar maƙwabcinsa ce.