Audu Baƙo da Ruwan Tiga

Masu tarihi sun ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama, ya sauka a gindin Dala, har garin ya ci sunansa. Saboda haka mu mutanen Balan da sauran ƙasar Gaya ba mu raina mai hikimar aiki, ko da bai taɓa riƙe guduma ba. Irin wannan mutum shi ne marigayi Alhaji Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kaduna cikin 1924. Aikin ɗan sanda ya koya, ba na injiniya ba. Sa'ad da Janar Gowon ya raba Nijeriya jiha 12 cikin 1967 aka ba shi riƙon Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar Jigawa ta yanzu. Ya riƙe ta har 1975, ya rasu cikin 1980.

Abin da ya gani kowane manomi ya gani. Ruwa ya kan zuba mana kamar wata huɗu, koguna su cika su tumbatsa su wuce gabas, sa'an nan su koma rairayi har wata damina. Bambancinsa da saura shi ne ya ce a tare ruwan. Aka fara madatsar Tiga a kan Kogin Kano cikin 1971, aka gama cikin 1974. Ana tsakiyar aikin ne farin nan na 1973 ya auko, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya, sai masu cewa ɓarnar kuɗi ce suka rasa ta cewa.

Hikimar aikin kuwa ita ce, Tiga ta fi ƙasar Kadawa da Kura tudu. Watau ruwa ya kan bi babbar hanyar da aka haƙa masa ya gangaro da kansa, ya rarrabu cikin ƙanana har bakin gona, ba jigo, ba inji. Nan ne tushen shinkafar Kura da tumatirin Kadawa, da alkamar da a ke nomawa da hunturu. Birnin Kano ma yana sha daga ruwan nan. Wani abin da ya fi burge mu shi ne, bai yarda 'yan ƙasa su tsaya kallon baƙi suna gini ba. A zamaninsa aka kafa tushen hukumar WRECA, inda 'ya'yan Kano suka koyi gina madatsa da hannunsu.

To, amma fa kogi ba a Kura ya ƙare ba. Kogin Kano da na Calawa su ne su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya ratsa maƙwabtanmu na Ajingi, ya nufi Ringim da Haɗeja da Nguru. A da, cikowar damina ita ke shayar da fadamun can, ta bar laka mai taki, kifi ya hayayyafa, in ta janye a shuka, makiyaya su sami ciyawa. Da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da madatsar Calawa cikin 1992, sai cikowar ta ragu ƙwarai. Ruwan da a ke saki kaɗan kaɗan har da rani kuwa ya hana kogi bushewa, sai kacalla ta sami wuri, ta toshe hanyoyin ruwa wajen Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki, tsuntsun jan baki ya yi sheƙa a cikinta yana ɓarnar hatsi. Shekarar da ruwa ya yi yawa kuma, ƙauyukan bakin kogi na Wudil da Ajingi ba su tsira daga ambaliya ba.

Ba mu ɗora masa dukan wannan ba. Madatsar Calawa bayan ransa aka gama ta, riƙon Tiga kuwa ya koma hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatin tarayya ta kafa cikin 1976. Madatsar Bagauda ta zamaninsa ma sai cikin 1988 ta ɓalle ta ci ƙauyuka, bayan haka aka rage tsawon makwararar Tiga don kada ita ma ta bi sahu. Duk da haka a ganinmu lissafin farko ya fi kula da manomin da ke kusa da madatsa, na nesa kuwa, da masunci, da Bafillace, ba a tambaye su ba.

In mun zo koya wa yara wannan darasi, kada mu tsaya a kan lissafa gine-gine. Mu fita da su fili, mu zana kogin a ƙasa tun daga Tiga har Nguru, mu zuba ruwa da buta, wani yaro ya tare shi da laka, su duba wane gefe ya jiƙe, wane ya bushe. Sa'an nan kowa ya tambayi wani tsoho na gidansu yadda fadama ta ke kafin 1974, ya rubuto mana abin da ya ji ran Litinin.