Tambaya da Amsa: Yarana Suna Rera Karatu, Amma Ba Su Iya Karantawa

TAMBAYA

Ni malami ne a wata makarantar firamare a Faru, cikin ƙaramar hukumar Maradun, kuma aji uku nake riƙe da shi. Yaran sun haura 70 in duk sun zo. Idan na rubuta darasi a allo na karanta, suna bi na da murya ɗaya har in ji daɗi. Amma da na tsayar da yaro shi kaɗai na nuna masa kalma a tsakiyar layi, sai ya yi zuru. Waɗanda suka ɗan iya rubutu kuma sai su rubuto mini "tahiya" da "hwarin wata" da "gidanai". Hedimasta yana so in riƙa ba su kalmomin Turanci 10 kowane mako su haddace, domin iyaye Turanci suke son ji a bakin 'ya'yansu. Don Allah ta ina zan fara?

Wani malami, Faru.

AMSA

Allah ya saka da alheri, domin ba kowane malami ne zai tsayar da yaro ya gwada shi ba. Da yawa sun gwammace su ji ajin yana amsawa, su kama hanyar gida da murna.

Abin da yaranka suke yi hadda ce. Kunnen yaron Bahaushe yana da kaifi, tun yana goye yake jin waƙa da karatun allo, saboda haka in ka faɗi jimla sau uku ya riƙe ta ke nan, ko idonsa yana kan taga. Muddin murya ɗaya aji yake amsawa, yara biyar ne ke jan ragamar, sauran suna bin bayansu. Don haka kafin ka sake koyar da komai, ka ɗauki kwana biyu ko uku ka zauna da kowane yaro minti ɗaya. Ka riƙe takarda mai haruffa a sama, kalmomi a tsakiya, gajeren labari a ƙasa, abin da bai taɓa ji ba. Nan take za ka ga ajin ya rabu: akwai wanda bai san harafi ba, akwai mai harafi amma ba ya iya haɗawa, akwai mai karanta kalma yana cijewa, akwai kuma 'yan kaɗan da suka wuce nan.

Kada wannan ya karya maka zuciya. Ka fi ni sanin abin da yankinku ya gani. An sace 'yan matan Jangebe a watan Fabrairun 2021, aka kwashe ɗaliban Kaya a nan Maradun a farkon Satumba na shekarar, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Har yau akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauye suka dawo gari, wani ya shekara bai ga allo ba, aka dubi tsayinsa aka sa shi aji uku. Manhaja ba ta san da wannan ba, kai ka sani. Ka raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ko da na awa ɗaya ne a rana, ka manta da shekaru. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi suna da wannan hanya, an kuma gwada ta a Borno da Kano. Ba ta buƙatar kuɗi. Masu ƙarfin ajin su ne mataimakanka, kowane ka ba shi yara shida ko bakwai a gindin bishiya.

Ga waɗanda ba su iya haɗawa ba, kada ka je nesa neman dabara, alaramman unguwarku yana da ita. Babbaƙu yake fara koyarwa, sannan farfaru, sannan yaro ya shiga haɗa su. Haka za ka yi da boko, sai dai ka koyar da sautin harafi, kada ka tsaya kan sunansa na Turanci. Yaron da aka koya wa cewa wannan harafi "bii" ne, wancan "ee", in ya haɗa su ba zai taɓa fitar da "ba" ba. Hausa kuwa ta yi mana gata a nan. Wasula biyar ake rubutawa, gaɓa kuma ba ta wuce baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe. Kada ka bi haruffa a jere tun daga na farko har na ƙarshe. Ɗauki n, k, m, s, d da wasalin a, a mako na farko yaro ya karanta nama, kasa, dama, masa da kansa. Ranar da yaro ya haɗa ma da sa ya ji masa ta fito daga bakinsa ba wanda ya faɗa masa, ranar ya fara karatu. Kwalin da aka yar a shago ya isa ka yanka katunan gaɓoɓi, gawayi da ƙasa sun isa rubutu.

Haruffa masu lanƙwasa kada ka bar su sai ƙarshe kamar wasu baƙi. Ka kawo kafa da ƙafa, bata da ɓata, kaya da ƙaya, yara su yi dariya su ga cewa 'yar ƙugiyar nan tana sauya magana. Haka sh da ts da ky da gw, ka koyar da kowanne a matsayin sauti ɗaya.

Yanzu ga "tahiya" da "hwarin wata". Ina roƙonka kada ka ja musu jan biro da faɗa. Yaron da ya rubuta "tahiya" ya ci rabin jarrabawa, domin ya saurari abin da bakinsa ya faɗa ya sa wa kowane sauti harafinsa daidai. Wannan shi ne ainihin aikin. Abin da ya rage masa shi ne ya san cewa Hausar littafi ta fi jingina da karin Kano. Tarihi ne ya kawo haka: a Kano Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, daga baya aikin talifi ya zauna a Zariya, inda aka buga Magana Jari Ce aka kuma fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da a Sakkwato aka kafa injin buga littafin, watakila yau yaran Kano ne ake gyara wa "tafiya". Ka raba allo gida biyu, gefe ɗaya "yadda muke faɗa", ɗaya gefen "yadda ake rubutawa": hwari da fari, tahi da tafi, gidanai da gidansa, zaka da zo. Yara suna kama wannan da wuri in ba a nuna musu cewa maganar iyayensu kuskure ce ba.

Inda za ka tsananta shi ne raba kalma da haɗe ta, domin nan ne manya ma suke tuntuɓe, duba abin da ake rubutawa a Facebook ka sha mamaki. Yana da suna da yakan a haɗe suke. Za su da shi ne a rabe. Littafinsa a haɗe, ya ba shi a rabe. Maganin wannan shifta ce, kullum, minti biyar: kalmomi biyar da jimla ɗaya daga abin da aka koya a makon, yara su musanya littafi su duba wa juna, kai kuma ka zaga. Shiftar kullum ta fi jarrabawar ƙarshen zango amfani nesa ba kusa ba.

Batun yawan kalmomi kuwa, garin da ya haifi Sa'idu Faru, Malamin Waƙa, ƙasar da Ɗanƙwairo ya tashi, ba za a ce tana da ƙarancin magana ba. Yaranka sun san kalme da lauje da rumbu da dami da zangarniya, sun san bambancin fadama da jigawa, wasu iyayensu suna noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakalori. Duk wannan dukiya ce da ba ta shiga aji. Ka ce kowa ya zo da kalma ɗaya daga gida da yake zaton abokansa ba su sani ba, daga bakin kaka ko maƙeri ko masunci. A rubuta ta a kwali a manna a bango, a sa ta cikin jimla, a sake waiwayarta ranar Alhamis. Kalmomin da gida ba ya bayarwa, irin su dalili da sakamako da kwatanta da taƙaita, kai ne za ka shigo da su, domin su ne yaro zai ci karo da su a kowane darasi har sakandare. Kalma uku a mako da yaro ya yi amfani da su a bakinsa sun fi goma da ya haddace ya zubar.

Fahimta kuma kada ka jira sai sun iya karatu. Tun yau ka riƙa karanta musu labari, ka tsaya a tsakiya ka ce, me kuke jin zai faru? Don me ya yi haka? Da kai ne fa? Tambayar "wane ne" da "a ina" tana da sauƙi, yaro zai tsinto amsa ba tare da ya gane komai ba. "Don me" ita ce ke tona asiri. Rubutunmu ma da kansa yana tilasta fahimta, tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Gari" a takarda ɗaya ne, sai yaro ya duba ko shiga aka yi ko tankaɗewa kafin ya san wanda ake nufi. Irin waɗannan jimloli ka riƙa jefa musu. Bayan kowane labari, yaro ɗaya ya tashi ya maimaita shi da bakinsa, ko da Zamfarci ne tsantsa.

Littattafai fa? Ka leƙa ofishin sakataren ilimi ka tambayi na shirin RANA, wanda aka gudanar a Zamfara da Katsina da tallafin UNICEF da gwamnatin Birtaniya don koyar da karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Akwai kuma Mu Karanta da aka yi amfani da shi a Sakkwato da Bauci. In ba ka samu ba, tsohon Ka Koyi Karatu bai mutu ba. In shi ma babu, yara su ba ka labarin ranar kasuwar Talata, ka rubuta a allo da kalmominsu, ya zama littafin makon.

Saura hedimasta. Kada ka yi jayayya da shi, iyayen suna da gaskiyarsu, da Turanci ake rubuta jarrabawa. Amma ka nuna masa cewa rubutun Turanci ba ya bin sauti yadda namu yake bi. Harafin c a Hausa kullum sautinsa ɗaya, a Turanci yau k ne gobe s. Yaron da bai gane cewa harafi sauti yake wakilta ba, in ka ba shi kalmomin nan 10, zanensu zai haddace. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Saboda haka Turancin aji uku ya fi yawa a baki: gaisuwa, sunayen abubuwa, gajerun umarni. Rubutunsa ya biyo baya ga rukunin da ya riga ya iya karanta Hausa.

Ka roƙi hedimasta ya ba ka zango ɗaya. Ka ajiye takardar gwajin farko, a ƙarshen zango ka sake zama da kowane yaro minti ɗaya a gaban hedimastan, ya ga nawa suka tashi daga harafi zuwa kalma. Ka kuma gaya wa iyaye, ko wanda bai yi boko ba, ya riƙa sa yaro ya karanta masa layi biyu bayan magariba. Muna jiran wasiƙarka ta biyu, Malam, ka faɗa mana yadda aka ƙare. Allah ya yi jagora.