Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta Ta Ƙi Gane Sikana

Wani mai sauraronmu daga Dannet, can wajen Arlit, ya aiko da cewa ya haɗa sikana da kwamfutarsa domin ɗaukar takardun haihuwa, amma ta ƙi shaida ta.

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Da yake ƙurar hamada, wadda ba ta raga wa komai a yankinku, takan toshe ramin USB, kuma wutar janareto ko ta hasken rana takan raunana har na'ura ta kasa tashi, wajibi ne ka fara da zahiri kafin baɗini: ka hure ramin, ka sauya waya, ka soka ta a jikin kwamfutar kanta. Idan har yanzu shiru, to galibi illar tana ga direba, manhajar da ke tafinta tsakaninsu. Sai ka buɗe Device Manager a Windows, in ka ga alamar rawaya ka goge tsohuwar, ka sauko da sabuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera sikanar, daidai da lambarta. In intanet ya gagara, a ɗauko maka ita a filashi daga Arlit.

Muna sauraron sakamako daga gare ka.