Yadda Ake Tsara Shafukan Dayari da Kwamfuta

Dayari da kalanda haja ce mai ƙurarren lokaci. Duk abin da bai shiga hannun mai saye ba kafin ƙarshen watan Janairu, to ya zama kwantai. Saboda haka masu ƙananan wuraren ɗab'i a Madalla, garin da ke bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna tsakanin Zuba da Suleja, suna bukatar hanyar da za ta rage musu lokaci da kuskure, ganin cewa kamfanoni da makarantu kan kawo aiki ne a ƙurarren lokaci.

Mai buga kwanan wata da hannu sai ya taɓa shafi 365 ɗaya bayan ɗaya. Kuskure guda, idan ya kai ga faranti, asarar takarda ce da tawada, kuma mai ɗab'i ne zai ɗauke ta.

Mataki na farko shi ne shirya jadawali a Excel, kowace rana da layinta. Wannan manhaja tana ɗaukar kwanan wata a matsayin lamba, don haka idan aka rubuta 1 ga Janairu a layin farko, sai a umarce ta ta riƙa ƙara ɗaya har ƙarshen shekara. Daga nan a ware gurbi na sunan rana, na wata, da na hutu. Umarnin WEEKDAY yana ba kowace rana lamba daga 1 zuwa 7, wadda za a danganta da Lahadi har zuwa Asabar.

Mataki na biyu, a adana jadawalin a tsarin Unicode, domin kada ƙ ta Zulƙida ta rikiɗe. Na uku, a zana shafi guda tak a InDesign ko CorelDRAW, a nuna inda kowane gurbi zai zauna. Sashen Data Merge na InDesign, ko Print Merge na CorelDRAW, shi zai fitar da sauran shafukan.

Sai dai kwamfuta ba ta gyara abin da aka ba ta a karkace, yaɗa shi take yi. Don haka a jadawali ake tsananta bincike. Shekara mai kwana 365 tana ƙarewa a ranar da ta fara. Amma 2028 mai kwana 366 za ta fara ran Asabar, ta ƙare ran Lahadi. Idan jadawali ya saɓa wa wannan, akwai matsala.

Ranakun hutu irin su 1 ga Mayu, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba tabbatattu ne. Na Sallah da Mauludi kuwa sun rataya ne a kan ganin wata, wanda Sarkin Musulmi ke sanarwa daga Sakkwato. Ya kamata a rubuta a ƙasan shafi cewa kwanan Hijira ƙiyasi ne.

Ta fuskar kuɗi, ana ɗinka littafi ne kashi-kashi, galibi shafi 16 kowane kashi. Shafi 366 da ƙarin biyu sun zama 368, wato kashi 23 cif, ba ragowar takarda. Bugu da ƙari, jadawalin jari ne: baɗi a sauya ranar farko, a daidaita 29 ga Fabrairu da ranakun hutu masu motsi, a sake bincike, sannan a kai faranti.