Idan ɗanki ya dawo daga lakwal da ƙarar wani yaro

Wata uwa daga unguwar Birni ta tare ni a gidan suna. Ɗanta yana CE1, kullum ya dawo sai ya kawo ƙara ɗaya: akwai wani yaro a ajinsu da ba ya zama wuri guda, mushe na karatu shi yana ihu, shekaranjiya ma ya yaga masa kaye. Ta ce, "Ni dai na ce ya fita harkarsa, yaron nan ba shi da hankali." Na ce, Hajiya, maganar nan gobe yara sittin ne za su rera ta da tafi.

Abin da kika kira ɗan mutane a tsakar gida, shi ne zai zama sunansa a lakwal: mahaukaci, mai aljanu, ɗan iska. Mu ƴan Damagaram mun san yadda suna ke manne wa mutum. Tun da can aka ware Kara-Kara don kutare da waɗanda gari ya ƙi, har yau kuma wasu na yamutsa fuska in an ambaci unguwar. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky na 2021, "Zinder", ya ga yadda samarin da aka yi watsi da su tun suna ƙanana suka ƙare.

To, ki fara da saurare. Ki duba jikin ɗanki ko da rauni, sannan ki tambaye shi, "Kafin ya yaga kayen, me ya faru?" Sau da yawa sai ki ji an fara tsokanar yaron ne. Ki nuna masa fili cewa yaga kaye laifi ne, amma aikin kike zargi. Ki ce, "Ka ga wani ba ya ganin allo sai da tabarau? To wani kuma zama shiru ne ke yi masa wuya."

Ke kanki ki sani, dalilan irin wannan hali suna da yawa. Wani da yunwa ya fito. Wani kurumta ce, ba ya jin mushe sam, sai a ce taurin kai. Kada mu manta sanƙarau ya yi ɓarna a jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, yakan kuma bar yaro da matsalar kunne. Akwai farfaɗiya, akwai zazzaɓin sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, akwai larurar rashin natsuwa da likitoci ke kira TDAH da Faransanci. Tantancewa aikin asibiti ne, ba na matan unguwa ba.

Ɗanki kuma ki koya masa ya ce "Bari, ba na so" da ƙarfi, ya matsa, ya gaya wa mushe. Kada ya rama, kada ya shiga ayarin masu bin yaron da waƙa. Ba dole su yi abota ba, gaisuwa ma ta isa.

In abin ya kai ga duka, kada ki ci ɗamara ki nufi gidan su yaron, uwarsa ta gaji da sallamar masu kawo ƙara. Ki je wurin mushe, in ya gagara ki ga direkta ko ƴan kwamitin lakwal (COGES), ki nemi a sauya wa yaran benci, a kuma ba iyayen shawara cikin sirri su kai shi a duba masa kunne da ido.